Sujadata a Ɗakin Wanki

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba, kumburin ya sauka? Yaya Auta da karatu? Ni lafiya lau, ci da sha ba matsala, sai dai ciwon bayan nan da ke ɗan taɓa ni. In an samu mai zuwa, a aiko mini da man zafi.

Kin tambaya ko ina riƙe da sallah. Ina riƙe da ita, Inna. Gidan da nake aiki har ɗakin sallah gare su, da kafet mai laushi kamar katifa. Kullum ina share shi, ban taɓa tarar da sawun kowa ba. Ni a ɗakin wanki nake tawa, tsakanin inji da teburin guga.

Tun da kasuwar maigidan ta fara tangal-tangal, uwar ɗakina ta ce in riƙa sa su a addu'a, wai Allah Ya fi saurin jin talaka. Har ta hana a ƙwala mini kira in na tayar da sallah. Ina sa su, Allah Ya sani.

Amma ki tambayar mini Baba wani abu. Yanzu nakan daɗe a sujada, su a zatonsu roƙo nake yi musu. Ni kuwa goshina ne ya samu wurin sauka, bayana ya lafa. Shin Allah Yana karɓar sallar wadda gajiya ta kawo gabansa?

Ki sa mini albarka.

'Yarki