Wushiryar Kanari da Giɓin Kakanta

Kanari ta yi dariya! Auta, 'yarki ta yi dariya baki buɗe a gaban jama'a cike da ɗakin taro, hannunta bai je ko kusa da bakinta ba. Da idona na gani.

Af, kin ga farin ciki ya sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki, da aikin asibitin da ya ɗauke mana ke. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san da furfura na shiga ajin yamma.

Ban gaya miki a waya ba don kada hankalinki ya tashi, amma tun farkon zangon karatun nan Kanari ta canza. Yarinyar da muka sa wa wannan suna saboda bakinta ba ya hutawa, sai ga ta tana magana leɓe a rufe. In abin dariya ya zo, sai ta kai tafin hannu ta toshe baki. Abinci ma bango take fuskanta. Ni kuwa da na ga hannu a baki kullum, na ce ciwon haƙori ne. Na sayo kanumfari, na sa ta kurkure da ruwan gishiri safe da yamma, tana yi ba musu. Da na ga ba sauƙi na kai ta wurin likitan haƙori, na ce ya duba, in na cirewa ne a cire. Ya haska, ya ƙwanƙwasa, ya ce rabon da ya ga haƙora masu lafiya haka ya daɗe. Nan ta fashe da kuka, ta roƙe shi ya sa mata waya ya haɗe mata na gaban nan biyu, wai 'yan ajinsu suna kiranta Mai Giɓi.

Auta, kaina ya ɗaure. Wushirya ce fa! Irin ta mahaifiyarki sak, wadda ta sa na yi ta zarya a ƙofar gidansu har takalmina ya cinye. A hanya na yi mata bayani irin namu na kafintoci. Na ce tazarar da mai aiki ya bari da gangan tsakanin katako biyu daban, katakon da ya ɓalle daban. Na farko shi ne wushirya, na biyu giɓi, kuma Wanda Ya yi ta bai yi kuskuren awo ba. Ashe ko kalmar wushirya ba ta taɓa riƙewa ba. Na ɗauka magana ta ƙare, sai ta ce wannan kyan mutanen da ne, kuma ni kakanta ne, ko hanci biyu gare ta zan ce ta yi kyau. Ta nuna mini hotonta a waya. Na ga wata yarinya mai haƙora a jere kamar farin tayil, na tambaye ta 'yar gidan wa ce. Wai ita ce, wai wayar ce take gyarawa. To in waya ta iya haɗe haƙori, me ya sa ba ta dawo mini da nawa ba? Har yau ban gane ba.

Daga nan na shiga yabo. Ta fito in ce ga mai wushirya, ta shiga in ce ga mai wushirya. Abin ya ƙara lalacewa, har ta daina zuwa shago kawo mini ruwa. Mahaifiyarki ta ce in rufa wa yarinya asiri, na mai da bakinta abin kallo. Na je wurin malamar ajinsu, ita ma ta ce in rage zancen kamanni, in riƙa tambayarta abin da take tunani da abin da ta iya. A nan na ji cewa an zaɓi Kanari ta wakilci ajinsu a muhawara, amma ta ce a cire sunanta, ba za ta buɗe baki a gaban mutane ba. Na dawo gida ina lissafi: kada in yaba, kada in yi faɗa, kada in kai ta a gyara. To me ya rage wa kaka?

Duk da haka ban iya yin shiru ba. Wata safiya ina gaban madubi ina saka haƙoran robar da kika sa aka yi mini, na ce mata mutum ba ya jin kunyar halittarsa. Ta dube ni ta cikin madubin, ta ce to ni me ya sa ko sallama aka yi a ƙofa sai na ruga na saka su kafin in amsa, alhali kullum ina kukan suna cin dasashina. Ta ce ranar da na manta su, da hannun riga na rufe baki har na dawo. Laifi tudu ne, Auta.

Sai na cire su na mayar cikin kofi, na tafi shago haka. Maƙwabcina Mai Walda yana ganina ya ce yau ga zarto ba haƙora, wa zai ba shi aiki. Na ce a miƙo mini ƙusa, kalmar ta fito wata iri, masu jiran kujerunsu suka yi ta dariya. Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, har na fara neman hannun riga. A lokacin na san abin da yarinyar nan take ɗauka zuwa makaranta kowace safiya. Amma kafin azahar kowa ya gaji ya koma aikinsa. Da na dawo ban yi mata wa'azi ba, na dai ba ta labarin zarto, na ga kafaɗunta suna rawa, tana dariya a bayan hannu. Na ce ita kuma me za ta faɗa da a ce za ta yi muhawarar. Ta yi ta zuba har abinci ya huce. Washegari ma na bar haƙoran a kofi, haka jibi. Sai ga malamar ta aiko cewa Kanari ta ce a bar sunanta.

Ranar muhawara na zauna a layin gaba. Da aka kira ta, ta tsaya, ta dubi jama'a, na ga hannun nan ya fara tashi. Ban san abin da zan yi ba, sai kawai na wangale mata baki, dasashi zalla. Auta, sai dariya ta ƙwace mata, irin ta da, har da dafa tebur. Jama'a suka bi ta ba su san dalili ba. Da ta nutsu ta fara magana, hannun yana ta nuni da shi, bai koma ba. Ajinsu bai zo na ɗaya ba, wai an rage mata maki saboda dariyar. Ni dai na tafa har tafina ya yi zafi.

Yanzu kada ki tambaye ni mene ne maganin. Malama ta ce sauraron da aka yi mata ne. Mahaifiyarki ta ce ganin tsoho ya zubar da girmansa ne, kuma kada in yi saurin murna, don jiya da ƙawayenta suka zo hannun ya ɗan koma. Ita Kanari ta ce wataƙila in ta girma ta sa wayar haƙorin, wataƙila ta bari, na ce bakinta ne. Amma na ji ta tana gaya wa 'yar maƙwabta cewa nata sunansa wushirya, giɓi na Kaka ne. In kin kira ta, kada ki ce na faɗa miki, ki tambaye ta muhawara kawai. Haƙorana kuma suna nan cikin kofi, na rasa ko in mayar ko in bari, ga nama ina so.

Ki gaishe mini da maigidanki, da ƙanin Kanari, Sarkin Ɓarna, da Goggon Yara in kun haɗu, da yayanki Dogo, ki ce masa ya yi waya. Mahaifiyarki tana gaishe ku. Gani ya kori ji, don haka ku nemi hutu ku taho dukanku, har da Dogo da iyalinsa. Ku zo ku ga wushirya da giɓi suna dariya a tabarma ɗaya, tun kafin nama ya rinjaye ni in mayar da haƙoran.

Ni ne mahaifinki,
Tsohon Kafinta