Tukunyar da Ba Ta Zo Ba

Yaya Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Yaya ƙafar Mama, da yara? Ni lafiya lau nake a nan Dayton, Amurka, sai dai barci ya yi mini wuya.

Kin tuna Shawna, yarinyar ikilisiyarmu da ta yi ciki ba aure? Ni na riƙe hannunta a ƙofar asibitin zubar da ciki, inda muke addu'a duk Asabar. Na ce, “Ƙanwata, rai ne, kada ki taɓa shi. Zumuntar mata na bayanki.” Ta yarda da ni.

To, ta haifi ɗa namiji. A nan, duk wadda ta haihu, matan ikilisiya kan kai mata abinci bi da bi. Ko cokali ba a kai wa Shawna ba. Na tambayi shugabarmu, Madam Darlene, ta yi murmushi ta ce, “Keziya, kada 'yan mata su ɗauka lada ake ba su.”

Lada, Yaya! Farfesun kaza?

Jiya Shawna ta ce mini, “Anti, ina mutanen naki?”

Bangaskiyata na nan, kada Mama ta damu. Ki aiko mini da yajin jego ta hannun duk mai zuwa.

Asabar da ta wuce na ga matan zumunta a ƙofar asibitin nan da allunansu na hana zubar da ciki, suna yi wa jarirai addu'a. Darlene ta ɗago mini hannu. Ban ɗaga nawa ba, tukunyar farfesun da zan kai wa Shawna nake riƙe da ita.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Keziya