Inna Ba Ta Gane Ni Ba a Tasha

Wata 'yar zauren nan ce ta turo mini wannan ta imel, ta roƙi in sakaya sunanta. Ga shi nan yadda ta rubuto.

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina cewa Allah ya kyauta, ashe tawa tana hanya. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, a kwamfutar ofis nake yi, ina bugawa ina waige kada oga ya shigo.

Ni 'yar wajen Gummi ce a jihar Zamfara, aure da aiki suka ajiye ni Kaduna. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Inna. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi, balle Inna da uwarta Bafillata ce, kunyar tata ninki biyu ce. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar babanmu, a Anka, can na girma, can na yi makaranta. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, in ta kama dole sai ta ce "waccan" ko "ta Gwaggo", da na yi aure kuma na samu ƙarin girma na zama "ta Kaduna". Ba ta kallon fuskata, in na durƙusa na gaishe ta bango take amsa wa. Na san ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka aka yi mata ita ma. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ke so daban, ina da 'ya'ya yanzu amma har yau abin yana ci mini rai.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk shekara da an gama girbi an zuba gero a rumbu, sai ta ɗaure kaya ta tafi ganin 'ya'yanta na nesa. Ƙanwata tana aure a Ilori, ƙanena kuma, bari in kira shi Sani, yana Agege a Legas da iyalinsa. Ta yi wata guda nan, ta yi wata biyu can, ta dawo kafin ruwa ya sauka. Kayan da take ɗauka kuwa sai ka rantse ƙaura za ta yi, daddawa, kuka, man shanu a galan, busasshen kifi, har da ƙoren Gummi masu zane da take raba wa maƙwabtan Sani. Mun yi mun yi ta bari mu riƙa zuwa mu, ta ce ita ba gurguwa ba ce, ƙafar da ta yi noma ba ta kasa hawa mota.

To ga inda abin yake. Daga garinmu akwai hanyar da ke bi ta Zuru da Kontagora ta faɗa kudu kai tsaye. Inna ba ta bin ta. Sai ta zagayo ta Anka, Gusau, Funtuwa, Zariya, ta sauka Kaduna, sannan ta hau motar kudu. Ta ce wai hanyar Zuru ramuka gare ta, tana karya mata ƙugu. Amma duk wannan zagayen ba ta taɓa taka gidana ba, ko ruwan randata ba ta taɓa sha ba. Gidan 'yar fari, ga kuma suruki a ciki, ai ko a mafarki. Iyakarta tasha. Sani zai bugo mini ya ce Inna ta taso, sai in dafa abinci in kwashi yara mu je mu same ta zaune a benci cikin kayanta. Yara su ruga suna Inna, Inna, ta rungume su, ta yi ta hira da su, in tana son sanin lafiyata sai ta tambayi ƙaramin, "Mutanen gidanku lahiya?" alhali ga ni a tsaye da kula a hannu. Ta ba su tsaraba, mota ta cika, ta tafi. Na sha komawa gida ina mita, ina ce wa maigidana ni da kwandasta duk ɗaya muke a wurin Inna, shi ma ya fi ni, shi tana kallonsa in za ta ba shi kaya.

Bana da ta zo, yara suna jarrabawa, sai na tafi ni kaɗai daga ofis. Ga mura ta kama ni, muryata ta dishe kamar ba tawa ba. Na hango ta a benci, na ƙarasa na yi sallama a hankali cikin hayaniyar tasha, na zauna daga gefe ina jira ta kau da kai kamar kullum. Sai Inna ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, har da murmushi. Wallahi ban taɓa ganin fuskarta a kusa haka ba. Nan na ga wani fari-fari ya rufe ƙwayar idonta na hagu, na daman ma ya fara. Kafin in buɗe baki ta ce, "Sannu ɗiyata, ke ma Ilori za ki?"

Ɗiyata. Ban san lokacin da na ce "uhm" ba. Ba ƙarya na yi niyya ba, kalmar ce ta ɗaure mini harshe, kuma gaskiya ban so ta ƙare ba. Ita kuwa ta samu abokiyar tafiya, sai hira. Ta ce jira take, tana da ɗiya a garin nan, ma'aikaciya ce, mai haƙuri, tun tana ƙarama ba ta da kwaramniya. Ta ce, "Ita ta ta hwari. Hanyag ga ba hanyata ba ta, don ita nika biyowa. In tana magana da yara sai in saci kallonta, in ga ta yi ƙiba ko ta rame, shi ke nan na samu na shekara." Sannan ta ce, "Bara da ƙyat na gane ta, sai da yara sunka yi magana. Bana kam sai dai in ji murya."

Na daure na ce mata cikin dishewar nan, me ya sa ba za ta gaya wa 'ya'yanta a kai ta asibiti ba. Ta kama haɓa ta ce in rufa mata asiri. Ta ce in sun sani za su hana ta tafiya, kuma kowa ya san asibitin ido a nan Kaduna yake, gidan wa za a ajiye ta? "Ni in kwana ɗakin ɗiyar hwari, tana kai ni bayi, surukina shina shiga shina hita? Gara in lalabi bango har in mutu." Ta faɗe shi tana dariya, amma na san Inna, ba wasa take ba.

Na tashi kamar zan sayo ruwa, na zagaya bayan motoci na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar Baba. Da na wanke fuska sai na ɓullo ta ɗaya gefen, na cire hijabin da ke jikina na yafa gyale, na tsaya daga nesa na ƙaƙaro muryata ta gaske na gaishe ta yadda na saba. Nan take ta juya wa bango fuska ta ce, "An zo? Ina yaran?" Ta tura mini ƙullin tsaraba da ƙafa, ta ce a kai musu. Har motar ta tashi tana tambayar kwandasta ina yarinyar nan mai mura da za su tafi tare.

Tun ranar ba ni da sukuni. Na sami wata likita maƙwabciyarmu na kwatanta mata, ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba sai an duba, in yanar ido ce ana cirewa mutum ya koma gani, amma akwai ciwon idon da ba ya jira, in ya cinye ya cinye, don haka a kawo ta da wuri. Ta ce kuma in aiki ne sai ta zauna kusa na ɗan lokaci ana duba ta. Maigidana, Allah ya saka masa, ya ce shi zai kwashe kayansa ya koma gidan wansa har a gama, kada ta gan shi ko sau ɗaya. Na ce to kai ka tafi, ni kuma in koma ina? Ai ni ce babbar matsalar, ba kai ba.

Na buga wa ƙanwata ta Ilori, lokacin Inna tana wurinta, ta ce ita ba ta ga komai ba, Inna na cin abincinta tana zuwa bayi da kanta, wai ni dai na cika sa ido. Haka Inna take, in ta shiga gida sau ɗaya ta haddace shi, ga shi ba mai iya tsare ta da kallo. Da ta isa Legas na matsa wa Sani, ban gaya masa yadda na sani ba, na ce dai na lura a tasha. Shi kuma da yake bai iya lallashi ba, sai ya je gaban matarsa da yara ya miƙa mata allura da zare ya ce ta zura masa. Ya ce ta ajiye allurar ta wanke shi tas, ta ce ita ya mayar abin gwaji, ta haife shi ya zo yana auna ta, ta kuma tsare shi sai ya faɗi wanda ya ce idonta na ciwo. Ya ce ta Kaduna ce. Wai ranar ko tuwo ba ta ci ba. Da ya ce to a je asibiti a nan Legas, ta ce ba mai taɓa mata ido a garin da ba ta jin yarensu, in an kuskura za ta hau mota ko ba rakiya. Muka yi faɗa da Sani a waya, na ce ya ɓata komai, ya ce ni da na iya me ya hana ni yi mata magana da kaina, ya san sarai ba ni da bakin.

Na je Anka na sami Gwaggo, don ita kaɗai Inna ke jin nauyi. Ita na gaya wa komai, har hirar benci. Na ɗauka za ta tausaya mini, sai ta rufe ni da faɗa. Ta ce abin da na yi ba shi da maraba da leƙa uwata tana wanka, maganar da mace ta ɓoye shekara da shekaru na zauna na kwashe da kunnena. Ta ce in Inna ta tabbatar ni ce a bencin nan, ba za ta ƙara yarda mu haɗa hanya ba har ta koma ga Allah, ba don fushi ba, don ba ta da fuskar da za ta ɗaga. Game da idon kuma ta ce tsufa ne, su iyayensu da suka makance wa ya yanka su. Na fito gidan da na girma a ciki kamar an yi mini duka.

Shekaranjiya Sani ya bugo. Inna ta fara ɗaure kaya, damina ta kusa. Ta ce masa bana ya saka ta a motar Kontagora, wai ta ji an gyara hanya. Ba a gyara komai ba, direbobin garinmu suna nan suna kuka da ita. Ban sani ba ko ta gane ni ce mai murar, ko zargi kawai take, ko kuwa ta ga zagayen ba shi da amfani tunda ba abin da za ta gani. Kowanne ne a ciki, ni aka cire daga hanya.

Yanzu 'yan'uwa ku gaya mini yadda zan yi. In na yi shiru na kiyaye mata kunyarta, ido zai tafi ina kallo, kuma ni kaɗai ta gaya wa da bakinta. In na bi ta har Gummi na durƙusa na ce Inna ni ce, na ji komai, ki zo a yi miki aiki, Gwaggo ta ce na rasa ta ke nan, kuma ban ga alamar za ta biyo ni ba. Wata abokiyar aikina ta ce mu kama wa Inna ɗaki a wata unguwa, ƙanwata ta zo ta yi jinya, ni in yi kamar ba na gari. Na yarda, wallahi na yarda, ko ƙofar ba zan taka ba, amma wa zai shawo kanta ta zo, bayan sunan Kaduna ma yanzu ba ta son ji? Akwai wanda ya taɓa fama da uwa irin tawa? Akwai malamin da zai gaya mini in da laifi a karya irin wannan kunya don ceton ido, kuma ta wace ƙofa ake shiga ba a tozarta tsohuwa ba?

Don Allah kada a zage ta a amsoshin, ba ta yi mini komai ba sai abin da aka koya mata. Na haƙura da sunana, kada ta faɗa har abada, na haƙura da ta kwana gidana. Tsorona ɗaya ne, kada ranar da Inna za ta yarda ta juyo ta dube ni da saninta, ta juyo ta tarar da duhu.

Na gode, Allah ya bar zumunci. Ina nan ina duba amsoshinku.