Na fitar da hantar ɓerayen ɗiyata don in sa kifi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah a kai ƙarshe kafin a yanke mani hukunci. Ni ba mai hayaniya ba ce, karatuna ma na yaƙi da jahilci ne.

Ɗiyata tana digiri na biyu, wai bincike take a kan wata 'yar alama da ke maƙalewa jikin sinadaran cikin ƙwayar halitta. Ta ce mani umarnin jiki a naɗe yake kamar zare a kwarkwaro, in alamar ta hau sai zaren ya sassauta jiki ya karanta, in ta sauka ya ƙulle. Na ce to, madalla. A raina kuwa na ce, shekara ashirin ana boko, ƙarshenta fiɗar ɓera? Ɓeran da ko kyanwa sai ta ga dama?

Da injin sanyi na makarantarsu ya lalace, ta kawo wasu 'yan kwalabe na hantar ɓera gidanmu a Birnin Kebbi, ta sa a firizata mai sola inda nake daskarar da zoɓo. Ta ce, "Inna, ko minti biyar kar su fita." Rannan ƙanena ya iso daga Argungu da giwan ruwa guda, ga wuri babu. In bar kifin halal ya ruɓe saboda mushen ɓera? Na kwashe kwalaben na binne su a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ai nan ma da sanyi. Washegari da aka rarraba kifin na mayar da su, suka daskare kamar ba a taɓa ba.

Da ta mayar da su makaranta ta yi gwaji, sakamako ya fito ba kai ba gindi. Malaminta, wani mai ƙaton tabarau da ko gaisuwa bai iya amsawa ba, ya ce mata a gaban mutane hannunta bai dace da aikin ba. Ita kuma ta yarda. Da na bugi cikinta, ta ce in abin ya narke alamar takan zube, "amma ai firizarki ba ta mutuwa, Inna. Laifina ne." Na ci gaba da tsintar shinkafata, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Har yau ban ga abin girmamawa a hantar ɓera ba, gaskiya ke nan. Amma ta rubuta takardar barin karatu, Litinin za ta kai. In na faɗa, ta san uwarta ta fifita kifi a kan wahalarta ta shekara guda. In na yi shiru, ta ɗauki maganar mutumin nan har tsufanta. Jama'a, ni me zan yi?