Farfelar Motar Alhaji Mutawakkil

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Alhaji Mutawakkil ya sa an jawo min tsohuwar motar sojan nan tasa har gareji. Farfelar baya ce, doguwar sandar ƙarfen da ke juya tayoyi. Kuros ɗin da ke bakinta, ɗan ƙarfen mahaɗa mai kai huɗu, ya farfashe a hanyar Zobe. Ranar Alhamis za a tsinke masa tumatir, kwando ɗari biyu, kuma in ba wannan jibgegiyar ba, babu motar da ke shiga yashin bakin dam ta fito da kaya bakin kwalta.

Ya ce, "Maniru, in ba za ka iya ba, gaya min tun yanzu in kai wa Malam Hudu a Kurfi."

Na ce ya turo direba jibi. Hudu kuma! Sai ka ce duk ƙasar Katsina shi kaɗai ya taɓa riƙe sifana.

Talata, 6 ga Fabrairu

Na sauke farfelar. Gida biyu ce, ɗaya na shiga cikin ɗaya da haƙora. Na zare su, na wanke da kalanzir, na cika giris, na sa sabon kuros. Kafin la'asar na ɗaure. Aiki tsaf.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Rabo direba ya fita gwaji, ko Dabawa bai kai ba ya juyo. Wai motar na karkarwa kamar injin niƙa. Na ce tuƙinsa ne. Na hau da kaina. Innalillahi, gaskiyarsa ce. Na ƙara ɗaure notuna, na duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Tana nan yadda take.

Alhaji ya kira sau huɗu. Biyu na ɗauka.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

An tsinke tumatir. Muka ce bari mu lallaɓa da ita haka, sabon kuros ya tsinke tun ba mu bar gari ba. Kwanduna na can cikin rana, an lulluɓe su da ganye.

Matata Surayya ta ajiye min tuwo ta ce, "Abban Basma, Kurfi fa ba nisa." Na ture tuwon gefe, ban ci ba. Shekara bakwai ina kwance ƙarƙashin motoci a garejin Ogana Hudu, rana ɗaya ya kira ni jaki a gaban masu mota. Na tattara nawa ya nawa ban jira ya yaye ni ba. Shekara shida ke nan ko barka da Sallah ba ta haɗa mu. Yanzu in je in ce me?

Tsoro nake ji, wallahi. Dukiyar mutane ce.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Da hantsi na sa wani kuros ɗin, na ɗaure farfelar a bayan mashin, sai Kurfi.

Garejin ba kowa, sai wata tarakta da ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Malam Hudu yana zaune kan benci. Na yi sallama, ya amsa yana kallon gefena. Ashe yanar ido ta rufe masa gani. Ba wanda ya gaya min. Ko da yake wa na tambaya?

"Wa ke nan?"

"Maniru ne."

Ya juya fuska wajen mashin ɗin. Can ya ce, "Me ka ɗauko? Na ji mashin ɗin da nauyi."

Na ɗora masa kan benci. Ya bi ta da hannu daga wannan baki zuwa wancan.

"Ka zare ta?"

"Na zare."

"Ka yi mata alama kahin ka zare?"

Ban yi ba. Ya kama hannuna ya ɗora kan kunnuwan ƙarfen da ke riƙe kuros. Na wannan bakin a miƙe, na wancan a karkace, alhali a layi ɗaya ya kamata su tsaya. Haƙori biyu kacal na goce wajen mayarwa. Ya sa na zare, na juya, na tura. Ko minti goma ba a yi ba.

Tun daga garinmu Dutsin-Ma nake shirya amsar da zan ba shi in ya zage ni. Abin da ya ce kawai, "Maza ka tahi, kayan mutane na lalacewa." Da ma zagin ya yi, da ya fi min sauƙi.

Bayan an sauko masallaci mota ta tashi lafiya lau. Sahu uku Rabo ya yi. Kwando talatin da ɗaya sun riga sun ruɓe, an zubar.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Alhaji ya tsaya a gareji, yana gaya wa mutane Maniru ya fitar da shi kunya. Sai na ji na ce, "Ba ni ba ne, aikin Oga Hudu ne." Bakina ne ya riga ni.

Rabo ya ce mai taraktar nan ya ba Oga mako ɗaya, ko ta tashi ko ya ɗauke abarsa. Ita ce aiki na ƙarshe da ya rage masa. Gobe zan leƙa. Ba wani abu ba ne, na gaya wa Surayya wuni ɗaya ne.

Akwatin sifanu dai gaba ɗaya na ɗaure a mashin.