Salular Da Ta Tafi Cin Rani

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. A ɓoye sunana, kuma don Allah kafin ku fara zagina ku kai ƙarshe, don wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni. Raina a ɓace nake rubutun nan.

Ni 'yar Tasawa ce, na karanta aikin odinatar, wato kwamfuta, ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, da yayana yake shugabanta, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya tsaya mini na yi karatu lokacin da dangi ke cewa ya isa haka. Bana wata ƙungiya ta ba mu aikin wani puroje: ana so a kafa tsarin da zai riƙa kiran mata masu ciki a waya, murya ta tuna musu ranar awo da ranar allurar yara. Kafin a fara, mu za mu zaga ƙauyukan Mayahi mu bincika ko abin zai yiwu, ko akwai rezo, wato sabis ɗin waya, ko akwai inda ake cajin waya, ko matan suna da wayar ma. In rahotonmu ya ce zai yiwu, za a sallami matan nan da ake kira rale, masu bin gida-gida da ƙafa suna tuna wa mata, tunda na'ura za ta karɓi aikinsu.

Da damina muka fita. Ni aka ba ɓangaren mata, tunda ni ke iya shiga cikin gida. Ranar farko, a wani ƙauye kusa da Kanan Bakashe, na riƙa tambaya yadda ya kamata: “Kina da salula taki ta kanki?” Dariya suka riƙa yi mini. Da na koma mota na gaya wa Yaya, sai ya haɗe rai ya ce, “Ke wace irin tambaya ce wagga? Ki ce musu, akwai salula gidan ga? Shi ke nan.” Washegari haka na yi. Kowace ta ce akwai, kuma ba ƙarya suka yi ba, akwai ɗin, tana aljihun maigida yana gona. Ni kuwa a ƙasar nan aka haife ni. Na san da an gama ɗaure hatsi maza za su kama hanya, wasu Najeriya, wasu Agadas, wasu har Libiya, kuma ba wanda ke barin wayarsa a gida. Na sani sarai, amma na rubuta akwai, na sa hannu a rahoto. Wannan ne laifina, ba na ɗora wa kowa.

Bayan kaka aka tura ni gwaji, in ga ko kiran yana shiga. Na koma ƙauyen nan na tarar da tsofaffi da mata da yara. Na shiga gidan wata mai ciki da ta ce mini akwai, na tambaye ta ko ta ji kiran da muka aiko. Ta ce, “Malama, ai salula ta tahi da mai ita. Shina Legas.” Na ce to in yana son magana da ke fa? Ta ce, “Ran kasuwa nika zuwa wurin mai caji, shi kira ni can.” Sai ta kalle ni da murmushinta ta ce, “An ce ku za ku hutar da Inna Rale ko? Allah shi saka.” Godiya take yi mini fa! Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Da na dawo ban ko aje jaka ba na shiga wurin Yaya. Na ce masa abin nan ba zai yi ba, wata da watanni wayoyin ba sa gari, mu gyara rahoton, mu ce a bar rale ɗin, ko a ba su wayar su su riƙa isar da saƙo. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Mun riga mun hwaɗa musu fezabil ne, abin zai yiwu. Ki koma ki ce mi? Ki ce mun yi ƙarya? In sun ɗauke purojen sun kai wata jiha, mi mutanenmu suka samu?” Na ce, “Yaya, mi za su samu in an kira Legas ana neman mai ciki?” Ya ce, “Ƙanwata, ke yarinya ce. In an fara, a gyara daga baya. Haka kowa ke yi.”

Daga baya yaushe? Bayan an sallami matan da suka san wace ce ke ɓoye ciki don kunya, wace ce sai an je an lallashi uwar mijinta kafin ta fita? Wa zai dawo da su? Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya ba baƙo ba ne. Babanmu ma ya yi cin rani, muna yara muna tsaye bakin hanya muna ɗaga masa hannu. Baƙon da ya zo daga Yamai ya ga waya a kowane gida da damina, in ya ruɗe sai a yi masa uzuri. Mu fa? Yaya ne ya zaɓi damina don hanya ce ta nuna gari cike, ni kuma na juya tambaya don a sami amsar da ake so. Da karatun namu muka cuci mutanenmu, kuma da harshensu.

Na yi tunanin kai ƙara wurin Innarmu, amma na san abin da za ta ce, in bi yayana, ya fi ni sani. Na yi tunanin in rubuta wa masu aikin a ɓoye, amma sa hannuna na nan kusa da nasa, kuma in biron nan ya faɗi, sunan Yaya ya faɗi a garin nan, a ce ƙanwar da ya ɗauka ya kai lakwal ta yi boko ita ta tona shi. Ina jin haushinsa kamar in fashe, kuma ba na son in ga an wulaƙanta shi.

Mako mai zuwa za a yi taron amincewa da rahoton, da masu gari da mutanen ƙungiyar. Yaya ya ce ni zan tashi in yi bayanin ɓangaren mata da Hausa, don sun fi yarda da bakin mace. Jiya kuma ya ƙara da wata: wai muryata ta fi daɗi, ita za a ɗauka a sa cikin na'urar. Wato ni ce zan riƙa ƙara a aljihun wani mai tura baro a Legas ina cewa “gobe ranar awonki”, matarsa tana ƙauye ba wanda ya leƙa ta.

In na tashi a taron nan, ko dai in kashe yayana a gaban jama'a, ko in ƙara faɗin akwai. Jama'a, ku da ba ku san fuskata ba, ku gaya mini gaskiya: in an miƙo mini abin magana ranar nan, me zan yi?