Bencin Bayan Kotu

Bauchi, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Khadijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi?

Ƙanen naki ya zama masinjan kotu, kuma aikin bai wuce maƙogwaro ba. In alƙali ya zauna, sai in fita bakin ƙofa in kira sunan wanda za a yi shari'arsa sau uku. A ƙa'ida, in ba a amsa ba, sai in zagaya barandar baya in sake kira. Amma Malam Abdulbaqi, dattijon magatakardanmu, ya ce in rufa wa kaina asiri, an fi shekara talatin ba wanda ya zagaya. Ginin tun na zamanin Turawa ne, kuma wai wata mata ta mutu a kan bencin bayan tana jiran a kira ta, har yau tana dawowa da fararen kaya.

Dariya na yi masa. To, ranar Talata da rana tsaka na leƙa ta tagar ɗakin fayil, sai ga ta zaune, farin ɗankwali, hannuwa a cinya, ko motsi ba ta yi. Ni da kike cewa bakina ya fi ƙarfina, Ayatul Kursiyyu ma sai da ta kakare mini. Kada ki gaya wa Inna.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Hafizu

Bauchi, 20 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, ya gida, ya zafi? Ni lafiyar jiki kawai gare ni.

Sau uku na ga matar nan, duk ranar Talata. Yaya, mutum ce. Sunanta Liatu, tsohuwa ce daga Miri, mijinta ya rasu ya bar mata gona, wani ya kawo ƙara cewa tasa ce. Kunnenta ya yi nauyi, gwiwa ta hana ta tsayuwa a rana, ta ga benci a inuwa ta zauna. Can da daɗewa da ta taɓa raka mijinta kotun, nan ake jira. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina ƙwala sunanta, in koma in ce wa alƙali ba ta zo ba. A zama na uku aka yanke hukunci a bayan idonta, aka ba mutumin gonar.

Jiya 'yarta Jemima ta riƙo hannunta suka shigo ofis da takardar hukuncin. Ina ganin ɗankwalin na gane ta. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Duban fuskata ta yi, ta ce, "Ɗana, ba kai ne ke leƙowa ta taga ba? Ina tsammani za ka kira ni."

Na ce ba ni ba ne.

Malam Abdulbaqi ya ce ana iya dawo da shari'ar in wani ma'aikaci ya rantse a rubuce cewa tana harabar kotu. Amma duk wanda ya rantse ya tona cewa ba ma zagayawa, kuma ni ko wata shida ban yi ba, ni za a fara kora. Kin san daɗewar da na yi a gida ba aiki. Ina jin kunyar kaina, ina kuma jin tsoro, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ki sa ni a addu'a.

Hafizu

Bauchi, 17 ga Yuni

Yayata,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina fatan kowa lafiya. Gaskiya kika faɗa mini, duk da ba daɗi.

Amma sai da na ƙara mako uku ina jan ƙafa, kullum sai gobe. Ranar Juma'a na rubuta rantsuwar, aka buga hatimi, Asabar na hau babur zuwa Miri don in nuna wa Liatu da hannuna. Na wuce ta gefen gonar. An tuge masarar da ta shuka, an jibge bulo.

A ƙofar gidan na tarar da kujeru da mata suna waƙar coci a hankali. Ranar Alhamis aka binne ta. Sun ce tun da aka tuge masarar ta daina cin abinci.

Jemima ta karanta takardar har ƙarshe tana tsaye, ta ninke ta, ta mayar mini. Ta ce uwarta ta sha gaya musu cewa akwai wani yaron kirki a kotu da ke duba ta ta taga, ta tabbata ba zai bari a manta da ita ba.

Ba su kore ni daga aiki ba, Yaya. Ba wanda ma ya tambaye ni komai. Na yi istigfari har na gaji, amma kin san hakkin mutum sai shi ya yafe. Ki tambayar mini malamin unguwarku, wa zan roƙa yanzu?

Ki gaida Inna da yara.

Naki,
Hafizu